Gyaran Gida: Fari ko Ruwan Ƙasa?

Da zarar damina ta ɗauke, bango ya sha iska, sai magidanta su shiga shawarar yi wa ɗaki fenti. A nan ne gardama kan tashi: maigida yana son fari, uwargida kuwa ta fi son ruwan ƙasa mai haske, wanda masu kanti ke kira krem. Tun da aiki ne da za a zauna da shi shekaru, ya kamata mu auna su biyun.

Fari dai babu kamarsa wajen haske, domin yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. A ɗaki mai ƙaramar taga, irin waɗanda ake ginawa a Damagaram da Maraɗi don gudun rana, ƙwan lantarki guda ya wadatar, yaro ya yi karatun dare ba tare da ya matse ido ba. Sai dai fari ba ya rufa asiri. Ƙurar hunturu, da sawun tafin yara, da hayaƙin turaren wuta, duk sai ya nuna wa baƙo su. In kuma na mai ne, yakan koma rawaya-rawaya a inda rana ba ta kaiwa, kamar bayan kabad.

Shi kuwa ruwan ƙasa dangin ƙura ne, saboda haka yana daɗewa bai nuna tsufa ba, ko da yake yana shanye wani abu na hasken. Masu cewa yana ƙara zafi ba mu bi bayansu ba. Zafin ɗaki daga kwanon rufi da bangon waje yake shigowa.

A ganinmu, ɗakin da yara ke kai da kawowa a yi masa ruwan ƙasa daga ƙasa zuwa kafaɗar babba, da fentin da ke wankuwa, a bar wa fari sama da silin. Kafin a sayi bokiti, a shafa kowanne a gefen bango, a bari ya bushe, a duba shi da hantsi, a kuma duba shi da dare, don launin jikin gwangwani yakan yi ƙarya. Sabon shafen siminti kuma a ba shi mako 4 tukuna.

Abin da ya fi launi nauyi shi ne dalma. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da ita, kuma ɓarɓashinsu yana cutar da ƙwaƙwalwar yaron da ke rarrafe yana kai hannu baki. Kamaru ta taƙaita ta da doka tun 2017. A karanta jikin gwangwani, a nemi wanda aka rubuta babu dalma a cikinsa. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa bangon tukuna, a fitar da yara da masu juna biyu har a gama share wurin da tsumma mai ruwa.