Tsagar Arlit ta cancanci shiga ajinmu

Kwanan baya na tambayi ɗalibaina masu koyon aikin malanta: me ya sa ake haƙo uraniyum a Arlit, ba a haƙo shi a Maradi ko Damagaram ba? Aji ya yi tsit. Amma da na tambaye su yadda duwatsun Alp na Turai suka tashi, hannuwa sun ɗagu. Wannan ya dame ni, domin gobe su ne za su tsaya gaban ƴaƴanmu.

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. A yammacin duwatsun Azbin akwai wata doguwar tsaga da ta taso daga In Azawa, wajen iyakar Aljeriya, ta gangaro kudu ta ratsa yankin Arlit. Wuri ne da dutsen ƙasa ya karye, ɓangare ɗaya ya goce wa ɗaya. Asalin uraniyum ɗin yana cikin duwatsun Azbin da tokar aman wuta. Ruwa ya narkar da shi, ya bi da shi ta cikin dutsen yashi, wanda wani ya haura shekara miliyan 300, tsagar kuwa ta zame wa ruwan hanya. Inda ya tarar da ruɓaɓɓun tsirran dā, sai ƙarfen ya kwanta. Shi ya sa Arlit da Akuta da Imuraren suke jere kusa da tsagar.

An fara haƙo uraniyum a Arlit a 1971. Mahaƙar Akuta ta rufe a 2021 bayan arzikinta ya ƙare. Abin da ƙasa ta tara cikin miliyoyin shekaru, ƙasa da shekara 50 ta isa a kwashe shi. Yaron da ya gane haka ba zai ɗauki ma'adini kamar gero da ake girbewa kowace kaka ba.

Wasu abokan aiki za su ce manhaja ta cika, ga babu kayan gwaji. Gaskiya ne, amma darasin nan ba ya cin kuɗi. A jera laka da yashi hawa-hawa, a yanka da wuƙa, a tura gefe ɗaya ƙasa, a zuba ruwa: yara za su ga inda yake bi.

Iyaye, ku tambayi yaranku wannan tambaya yau da dare. Malamai, mu shirya amsar. Wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba, mai saye ne zai yanka masa farashi.