Riƙon Maraya Ba Ciniki Ba Ne

Kasuwar Dawanau, wadda ke ƙasar Dawakin Tofa a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, ba ta rabo da baƙi. Daga Nijar a ke zuwa, daga Chadi da Kamaru, har da mutanen ƙetare masu sayen riɗi da zoɓo. Manomin wannan karkara ya san ciniki. Ba ya sallama buhun gero sai ya ga kuɗi ya ƙirga, ya kuma san dillalin da ya tsaya a tsakani. To, mutumin da ba a iya cutarsa a kan tiya ɗaya ta wake, ina dalilin da zai dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba, don an ce wani baƙo mai jinƙai zai riƙe marayan ɗan'uwansa a wata ƙasa?

Akwai masu cewa ba laifi, wai yaro zai huta da talauci, ya ci ya ƙoshi, ya yi karatu. Masu wannan magana su dubi abin da ya faru a Abeche, a gabashin Chadi, cikin watan Oktoba na 2007. Waɗansu Faransawa na wata ƙungiya mai suna Arche de Zoé sun tara yara 103, suna shirin sa su a jirgin sama zuwa Faransa, aka kama su. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne, har an naɗa wa waɗansunsu bandeji alhali ba su da rauni. Da aka bincika, sai aka tarar yara 91 daga cikinsu suna da uwa ko uba ko wani babba da ke riƙe da su a gida. Iyayen an gaya musu makaranta za a sa 'ya'yansu a nan cikin Chadi. Kotun Njamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas takwas, sa'an nan Shugaba Idris Debi ya yafe musu a 2008. Da jirgin nan ya tashi, wa zai komo wa matan nan da 'ya'yansu?

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gwaggo ta kan ɗauki 'yar ƙanenta, kawu ya kan ɗauki ɗan 'yar'uwarsa, a rena su har a yi musu aure. Amma ɗan riƙo ya san ubansa, yana amsa sunansa, gadonsa yana nan, kuma ran salla dangi su kan je su gan shi da idonsu. Haka shari'a ta tsara. Suratul Ahzab ta hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Malaman Malikiyya kuma sun jera masu haƙƙin reno: uwa tukuna, sa'an nan kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, har a gangaro kan sauran dangi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 game da haƙƙin yara ta ambaci irin wannan riƙo da sunansa na Larabci, watau kafala. Yaron da aka ƙetare teku da shi kuwa, wace gwaggo ce za ta leƙa ta ga ko ya rame?

Dokar ƙasa ma ba ta bar ƙofa a buɗe ba. Dokar haƙƙin yara ta Tarayya, ta shekarar 2003, ta ce kotu ba za ta mallaka wa mutum yaro ya zama ɗansa ba sai in ɗan Nijeriya ne. Jihar Kano ta yi tata dokar kare yara a 2023. Gwamnatin Ingila da kanta ta dakatar da karɓar yara daga Nijeriya a 2021, saboda takardun da a ke kai mata ba abin dogara ba ne, ga kuma tsoron fataucin yara. Mutanen Kano sun san wannan tsoro, gama a 2019 aka gano yara tara da aka sace daga Kano a Onica, an sāke musu suna. In haka ta auku a cikin ƙasa ɗaya, yaya ke nan a bayan teku?

Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A karkarar Kano gonaki sun matsu, kowace an raba ta an sake rabawa. Maraya yana da rabo a gonar ubansa. Baffan da ya yi saurin miƙa shi ga baƙo, yana cewa tausayi ne, a tambaye shi wa zai noma rabon yaron bana. Dangin da suka bar maraya yana yawo a tasha ba riga, su suka kira mai neman ɗaukarsa.

Ba kowane baƙo ne macuci ba. Mai nufin alheri yana iya biya wa yaro kuɗin makaranta, ya saya masa tufafi da magani, yaron yana zaune a ɗakin kakarsa. In kuwa ya nace sai ya tafi da shi, hanyar ɗaya ce: gaban alƙali, da rana tsaka, bayan ma'aikatan jin daɗin jama'a sun bincika, dangi duka sun ji. Wanda ya ce a yi a ɓoye, ko a yi da gaggawa, ya riga ya faɗi ko shi wane ne.

Saboda haka wanda Allah ya nufe shi da fita daga ajin yaƙi da jahilci, wannan aiki nasa ne. In aka kawo takarda irin wannan unguwarsu, ya karɓa ya karanta da ƙarfi a gaban mai unguwa. In da Turanci ne, a nemo malamin makaranta ya fassara. A tambaya wace kotu ta ba da izini, ina za a kai yaron, da wane suna za a kira shi, yaushe danginsa za su gan shi. In amsa ba ta fito ba, a kai magana wurin dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, yaro kuwa ya kwana a gidansu. Allah ya tsare marayu, ya sa masu riƙonsu su riƙe amana.