TUN RAN GINI RAN ZANE: Hukumar Tsara Birane Ta Waiwayi Ƙananan Garuruwa

Duk wanda ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin rabonsa da ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, in ya koma yau kusan sai ya nemi ɗan rakiya a cikin garin da aka haife shi. Gonakin bakin gari sun zama unguwanni, bulo da kwanon rufi sun maye gurbin tubali da azara, shaguna kuwa sun jeru a gefen hanya har sun soma cin kwalta. Wannan abin farin ciki ne, gama alama ce ta cewa jama'a sun ƙaru, kuma kuɗin rake da tumatir da barkono da masara yana shiga hannun manoma. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin nan uku suna da mutane wajen 480,000, yau kuwa ba sai an gaya wa kowa sun zarce haka nesa ba. Abin da ke damun mai tunani shi ne garuruwan suna girma ba tare da wani ya zauna ya shata musu inda za su nufa ba.

Bari in ba da misali da abin da na gani da idona. A wani gari na wannan yanki, wanda ba sai na ambaci sunansa ba, akwai wani kududdufi a bayan kasuwa inda iyayenmu suka haƙi ƙasar gina gidajensu, kuma nan ne ruwan unguwanni uku yake taruwa da damina. Sannu a hankali aka cike shi da shara, dillalan filaye suka ja masa igiya, aka yanka shi fuloti-fuloti aka sayar. Da ruwan watan Agusta ya sauka bai sami mazauninsa na da ba, sai ya shiga ɗakunan mutane, katangu suka zube, hatsi ya jiƙe a rumbu. A sabuwar unguwar da ke gaba da nan kuwa, lungunan sun matse har mota ba ta iya shiga, sai da aka tallabo mai naƙuda da hannu zuwa bakin titi. Ba wanda ya yi nufin mugunta a cikin wannan al'amari. Kowa ya sayi filinsa da guminsa, ya gina daidai ƙarfinsa. Abin da aka rasa kawai shi ne mai duba amfanin gari gaba ɗaya.

Kada wani ya zaci tsarin gari baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Dubi Birnin Zariya. Fada da masallacin Juma'a da dandali suna tsakiya, unguwanni sun rabu bisa sana'a da asali, ganuwa ta kewaye gidaje har da gonaki domin gudun yunwa lokacin yaƙi, ga ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana kowace ta fuskanci hanyarta. Haka abin yake a ƙananan garuruwa. Mutum ba ya kafa gida sai Mai Unguwa ya nuna masa wuri, Dagaci ya sani, kuma kowa ya san inda burtali ya bi, da iyakar maƙabarta, da filin Idi. A zamanin En'e kuma ga duba-gari yana zagayawa. Wannan tsari ba a rubuce yake ba, amma yana da masu tsaronsa. Yanzu ikon masu unguwanni a kan ƙasa ya ragu, hukumar zamani da ta gaje su kuwa ba ta iso ba tukuna, sai aka bar garuruwa a hannun awon igiya.

Ba a rasa dokoki ba. Tun 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar garuruwa, ko da yake amfaninta ya tsaya ne a unguwannin Turawa da Sabon Gari. A 1946 aka yi dokar tsara birane da karkara. A 1967 aka fitar da babban tsarin birnin Kaduna wanda Max Lock ya shirya, wanda ya hangi shekara 50 a gaba, watau har zuwa 2017. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, na karkara kuwa a hannun ƙaramar hukuma. Sa'an nan Doka ta 88 ta 1992 ta tanadi hawa uku na tsare-tsare: hukuma ta ƙasa baki ɗaya, hukuma a kowace jiha, da kuma hukumar tsara gari a kowace ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke hukunci cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan ita ce babu wanda za mu jira daga Abuja. Maganar tana hannun Gwamnatin Jihar Kaduna da Majalisarta da ƙananan hukumominta.

A jiharmu, Hukumar Tsara Birane, wadda aka fi sani da KASUPDA, ita ce ke ba da izinin gini da hana gini ba bisa ƙa'ida ba, tun 2015 kuma hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye da takardun mallaka. Tushen KASUPDA hukumar raya babban birnin Kaduna ce, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan idonta ya fi karkata ga manyan birane. Ko shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019, Kaduna da Zariya da Kafanchan ya shafa. Ba laifi ba ne a gyara manyan birane, amma ya kamata mu ɗauki darasi daga tsadar gyaran. Kafin a faɗaɗa titi guda a Kaduna ko Zariya sai an rusa gidaje da shaguna, a yi ta jayayya a kan diyya, wasu su tafi kotu, wasu su koma gidan haya da hawaye. Duk wannan kuwa kuɗin sakacin shekarun baya ne ake biya.

To, Ikara da Makarfi da Hunkuyi da Kudan, har da ƙauyuka masu tasowa irin su Furana, yau suna matsayin da unguwannin bayan garin Zariya suke a shekarun baya. Har yanzu akwai fili. Abin da safiyo zai yi yau da taswira da 'yan turaku, gobe sai katafila da 'yan sanda da miliyoyin Naira za su yi shi. Gonar da za a bar wa titi mai faɗi ko makarantar firamare, yanzu ana iya sasantawa da mai ita cikin girma da arziki, amma in an gina gidaje talatin a kanta magana ta canza. Ga shi kuwa dalilan bunƙasa suna nan. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ta Tashar Yari, aikin sabon layin dogo tsakanin Kaduna da Kano wanda aka ƙaddamar a 2021 zai ƙara wa filayen shiyyar daraja, kasuwar rake ta Makarfi tana jawo manyan motoci daga nesa, akwai kuma ɗaliban kiwon lafiya a Makarfi masu neman ɗakunan haya. Tun farkon shekarun 1980, da aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara, gwamnati ta gane yankin yana da abin da masana'antu ke so. Mai son kafa masana'anta kuwa tambayarsa ta farko ita ce ina fili, ina hanya, ina ruwa.

Sai kuma ɗaya gefen aikin hukumar, wanda aka fi mantawa da shi, watau kiyaye abin da aka gada. Mutane da yawa suna ɗaukar adana kayan tarihi tamkar sha'awar Turawa masu yawon buɗe ido. Gaskiya ne akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, kuma ganuwar Zariya tana cikin abubuwan da doka ta kare, amma duk mai wucewa yana ganin yadda zaizayar ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini suka cinye wurare da yawa nata. Ba kuma za mu manta da ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023 ba, sa'ad da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka. Allah Ya jiƙansu. Wannan ya nuna tsohon gini yana bukatar dubawa da gyara a kai a kai, ba yabo kaɗai ba. In ginin da duniya ta san da shi zai iya kai wa ga haka, ina ga sauran ganuwa da tsohon zaure da marina a garuruwa irin su Paki da Likoro, waɗanda ba su cikin kowane littafi?

Amma ni a ganina gadon da ya fi bukatar kariya a ƙananan garuruwa shi ne wanda yake mallakar kowa da kowa, saboda abin da yake na kowa shi ne ba shi da mai tsaro. Kududdufi matattarar ruwa ce da ta fi kwalbati arha. Burtali shi ne ya raba garken shanu da gonar manomi, kuma duk inda aka nome shi ko aka gine shi, rigima ce aka shuka. Maƙabarta da filin Idi da filin ƙwallon makaranta in an gutsure su ba sa dawowa. Fadamar da ke ciyar da gari da rani ba wurin gina gida ba ne. Kuka da rimi da tsamiya da ɗorawa waɗanda suka shekara ɗari, a yini guda ake sare su, amma jikan mai saran ma ba zai ga madadinsu ba. Kiyaye irin waɗannan abubuwa shi ne ginshiƙin raya gari, ba kishiyarsa ba.

Na san za a ce ina kuɗi, ina ma'aikata? Na kuma san talaka yana tsoron hukumar tsara gari, domin abin da ya sani game da ita shi ne jan fenti a jikin bango da takardar tara. Wannan tsoro yana da dalili, kuma in hukuma ta shigo karkara da fuskar mai karɓar haraji, jama'a za su guje ta, su ci gaba da gini cikin dare. Saboda haka ga shawarwarina.

Na farko, a kafa ƙaramin kwamitin tsara gari a kowace ƙaramar hukuma kamar yadda dokar 1992 ta hanga, da ƙwararren jami'i daga KASUPDA, da wakilin Hakimi, da na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tsohon da ya shekara saba'in a gari ya fi kowace na'ura sanin inda ruwa ke bi.

Na biyu, kowane gari ya sami taswira mai sauƙi wadda ta nuna hanyoyin gobe, da magudanan ruwa, da wurin kasuwa da tasha da makaranta da asibiti. A rubuta bayaninta da Hausa, a kafa ta a sakatariya da ƙofar fada, domin mai sayen fili ya gani kafin ya biya.

Na uku, a yi rajistar wuraren jama'a da na tarihi, a auna su, a kafa musu turakun siminti, a ba su takardar mallaka da sunan al'umma, ta yadda ba shugaban ƙaramar hukuma ko basarake ko dillalin da zai iya sayar da su.

Na huɗu, a sauƙaƙa izinin gini ga mai ɗaki biyu ko uku, ya zama kuɗi kaɗan ne kuma a garinsa zai karɓa, ba sai ya je Kaduna ba. Mai yanka gona ya sayar kuwa, a tilasta masa barin hanya da filin amfanin jama'a kafin a amince masa.

Game da kuɗi, Tsarin Mulki na 1999 ya riga ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da magudanan ruwa, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. A watan Yuli na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Kuɗin taswirar gari guda bai kai na 'yan kilomitocin kwalta ba. Ma'aikata kuwa ga su nan a ƙofar gida, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna yaye masana tsara birane kowace shekara. Me zai hana ɗalibi ɗan Ikara ko Kudan ya yi aikin bincikensa na ƙarshe a kan garinsu, ya miƙa wa ƙaramar hukumarsa?

Kira na ƙarshe ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati ne. Yawancinmu daga irin waɗannan garuruwa muka fito, can muke gina gidan da za mu koma in mun yi ritaya, kuma sau da yawa mu ne na farko wajen ƙara taku biyu na katanga a cikin hanya saboda muna da sanayya a ofis. In mai ilmi ya ci hanya, da wane baki zai hana manomi? Jami'in da ya sa hannu a kan takardar filin kududdufi yau, watakila ɗakin mahaifiyarsa ruwan zai fara shiga. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, domin tukunya in ta bushe ba ta karɓar ado. Garuruwanmu har yanzu da ɗanyensu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.