Hukuncin Sauya Injin Mota: Takarda, Hayaƙi Da Haƙƙin Mai Saye

Wani ɗan kasuwa mai jigilar hatsi tsakanin Gummi da Gusau ya aiko da tambaya. Injin motarsa ya buga, ya sayi na hannu irin wanda ake kira ɗan Beljiyam, bakanike ya ɗora. Yanzu yana nufin sayar da motar, yana tambaya ko wajibi ne ya sanar da hukuma da kuma mai saye.

Sauya inji a kan kansa halal ne, babu jayayya. Magana tana cikin abin da ke biyo baya.

Kowane inji yana da lambarsa da aka buga a jikinsa, ita ce ke rubuce cikin takardun mota tare da lambar shasi. Dokokin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun wajabta wa wanda ya canja inji ya kai rahoto ofishin lasin domin a gyara takarda. Waɗansu suna ganin hanyar karɓe kuɗi ce kawai. Ba haka ba ne. Da wannan lamba ake gane injin sata, kuma a mazhabar Malikiyya idan mai abu ya zo da shaidu ya karɓe abinsa, ko da kai da kuɗinka ka saya, sai ka bi wanda ya sayar maka, in ka gan shi. Saboda haka a riƙe rasiɗin dillali, a je a gyara takarda tun kafin jami'an VIO su tsayar da mutum a hanya. Bin shugabanni cikin abin da ba saɓo ba ne, kuma akwai maslahar jama'a a cikinsa, wajibi ne.

Game da mai saye kuwa, malamanmu sun ce wajibi ne mai sayarwa ya bayyana duk abin da mai saye zai ƙi, ko zai rage kuɗi dominsa da ya sani. Ɓoye shi shi ne tadlisi. Sananne ne yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi. Wanda aka ɓoye wa aibi yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Faɗin dillalai na cewa "yadda ka gan ta" ba ya wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda mai tambaya bai tambaya ba, wato hayaƙi. A cikin salansar motocin zamani akwai wata tukunya mai saƙa kamar ta zuma, makanikai suna ce mata indomi, aikinta ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Da yake akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, sau da yawa lokacin sauya inji ake fasa ta a sayar, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci ko bai sani ba, wannan kuwa ha'inci ne tsantsa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da na dizal a 2011. Na san ba a cika auna hayaƙi a tashoshinmu ba. To, rashin mai kamawa ba ya halatta cuta, domin ƙa'idar Shari'a ita ce a gusar da cutarwa. Mafi munin abin da ke cikin hayaƙin nan, kabon monokzayid, ba shi da launi ba shi da wari, sai dai fasinjan baya da mai tallan fura a tasha su shaƙa.

Mutanen wannan yanki ba su bukatar a yi masu bayanin gubar da ido ba ya gani. A 2010, a Sunke da Dareta da Abare cikin ƙasar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, an riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar dalma ta kashe yara fiye da 400, Allah Ya jiƙansu. Babu wanda ya yi nufin kisa, abinci ake nema. Ba ina cewa hayaƙin mota da waccan ƙura abu guda ne ba, ko da yake dalmar nan an daɗe ana zuba ta cikin fetur, sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina. Abin lura shi ne, kafin likitoci su bayyana musabbabin akwai uzurin jahilci, bayan bayani kuwa uzuri ya yanke.

Don haka, Alhaji mai tambaya, idan an cire wannan tukunya daga motarka, to aibi na biyu ke nan da za ka faɗa wa mai saye. Idan kuwa ka fasa sayarwa, ka sa a mayar da ita, ka tsaya a garejin da kanka har a ɗaure.