Filin Na'ura: In Kwamfutar Makaho Ta Yi Shiru, Kada A Yi Saurin Wanke Ta

Zancenmu na wannan wata na 'yan'uwanmu makafi ne masu aiki da kwamfuta a Nima da Maamobi da sauran zanguna, da kuma masu ido da ke zaune da su.

Makaho yana aiki da kwamfuta ne da kunne. Akwai manhajar da ke karanta masa duk abin da ya fito a fuskar na'ura. Wadda talaka ya fi samu ita ce NVDA, domin kyauta ce. Wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su ne iyayenta, an kuwa fara ta a 2006. Ga yaron da ya fito makarantar makafi ta Akropong ya shiga jami'a a Legon, wannan murya ita ce idonsa. Ranar da ta ɗauke, karatu ya tsaya ke nan.

To, tun 2012 NVDA ta ba da damar a ɗora mata wasu ƙananan manhajoji masu ƙara mata aiki, kamar sabuwar murya ko ƙamus. Turawa na ce musu add-ons, mu kuwa a nan za mu kira su 'yan goyo. Wasu mutane daban ne ke rubuta yawancinsu, ita kuma uwar tana sauyawa. A fitowar 2019.3 an sake mata tubali, tsofaffin 'yan goyo da yawa suka daina aiki, kuma daga 2021 fitowar farko ta kowace shekara kan zo da irin wannan sauyi. Ɗan goyo guda da ya tsufa, ko wanda aka turo ta WhatsApp ba a san asalinsa ba, yana iya hana uwar tashi.

Abin da muke jin tsoro shi ne gaggawa. Kwamfuta ta yi shiru, sai a ɗauke ta a nufi Circle, mai gyara ya ce sai an wanke ta. A biya sidi masu yawa, littattafan shekaru su tafi, alhali ciwon bai kai nan ba. Kafin a shiga tirotiro, a gwada waɗannan:

Na farko, a duba ko an kashe sauti ne, ko an bar abin kunne a jone. Sa'an nan a danna Control da Windows da Enter tare. Wannan zai ta da Narrator, mai karatun da ke cikin Windows 10 da 11 tun asali. In ya yi magana, na'ura lafiyarta lau.

Na biyu, a danna Windows da R, a rubuta nvda --disable-addons, a danna Enter. A lura, akwai tazara bayan nvda, kuma karan nan biyu ne a jere. Wannan zai ta da NVDA ita kaɗai, ba goyo. In ta yi magana, an gano inda ɓarawo ya shigo. In an ji murya ta sauya kada a damu, wataƙila muryar da aka saba da ita ma 'yar goyo ce.

Na uku, a danna Insert da N, a shiga Tools, a buɗe Add-on Store, wato rumbun 'yan goyo da aka kawo a fitowar 2023.2. A kashe su duka, sa'an nan a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya ana sake ta da NVDA. Wanda aka kunna murya ta ɗauke, shi ne mai laifi. A fara zargin wanda aka ɗora daga baya-bayan nan. A cire shi, ko a nemi sabonsa.

Rigakafi kuwa ya fi magani. In NVDA ta kashe wani ɗan goyo da kanta ta ce bai dace da ita ba, kada a tilasta mata. A kuma ajiye NVDA ta tafi-da-gidanka a kan filashi, wadda ba a ɗora mata komai ba, domin ranar wuya.

Roƙonmu ga masu ido shi ne, in ɗan'uwa ya nemi taimako, kada a karɓe na'ura daga hannunsa. A karanta masa abin da ke fuskarta, a bar shi ya danna da kansa, domin gobe ba lalle kuna kusa ba. Wanda abin ya gagare shi, ya tuntuɓi ƙungiyar makafi ta ƙasa, Ghana Blind Union, a nan Accra. Wanda kuma ya karanta wannan fili, don Allah ya karanta wa wanda aka rubuta dominsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.