Jos: Kwamiti Bayan Kwamiti, Ina Adalcin?

Yau da masu ce mana "a manta da baya, a zauna lafiya" nake, domin wannan magana ta ishe ni. Wa ya ƙi zaman lafiya? Amma ai ba a rufe gyambo da tsumma a ce ya warke.

Ku ƙirga da ni. Rikicin 12 ga Afrilu 1994, kan naɗin Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa, an kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima. Na 7 ga Satumba 2001, aka kafa na Mai Shari'a Niki Tobi. Na Nuwamba 2008, har biyu aka kafa: Gwamna Jonah Jang ya naɗa na Bola Ajibola, Shugaba 'Yar'aduwa ya naɗa na Janar Abisoye. Duk da haka, a Janairu 2010 wuta ta sake tashi. Me ya sa maganin ba ya ci?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da ba da amsa. A 1984 wani malami a Amurka, Tom Tyler, ya sa an tambayi mutum 1,575 a birnin Chicago yadda suka ƙare da 'yan sanda da kotuna, ya fitar da littafi a 1990. Abin da ya gano shi ne, mutum yakan haƙura da hukunci ko da shi aka kayar, muddin an saurare shi, an mutunta shi, kuma ya yarda alƙalin ba ya da ɓangare. In babu waɗannan, ko hukuncin daidai ne zuciya ba ta karɓa.

To ku auna Jos da wannan mudu. Mutanenmu sun ƙaurace wa kwamitin Ajibola saboda suna ganin gwamnatin da ta kafa shi tana cikin rigimar. Ita kuma gwamnatin Filato ta garzaya Kotun Ƙoli, wai Abuja ba ta da hurumin yin bincike. Kowa ya ƙi alƙalin ɗan'uwansa. Rahoton da rabin gari bai yarda da mai rubuta shi ba, wa zai sasanta?

Haka zancen takardar ɗan asali. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko tushe, amma yaron da aka haifi kakansa a Gangare zamanin haƙar kuza sai a tura shi Kano ya nemo takarda, garin da bai san kowa ba. Wa ya taɓa zama ya saurare shi? Su ma Birom da Anaguta da Jarawa suna da tsoronsu na rasa ƙasar kakanni, kuma ba za su sauka daga kansa ba sai an saurare su a gaban wanda suka amince da shi.

Mu ma da namu laifin. Jami'ar Jos na da sashen nazarin halayyar ɗan Adam, ga ta nan daf da Unguwar Rogo, amma kowa so yake ɗansa ya zama likita ko lauya. Wa zai bi gida-gida ya rubuta abin da marayu da zawarawanmu suka gani? Wanda bai rubuta nasa ba, wani zai rubuta masa.

Don haka duk mai kiran sulhu ya fara da kawo alƙalin da ɓangarorin biyu suka zaɓa tare, a yi zama a fili, a buga rahoto kowa ya karanta, a hukunta mai laifi ko namu ne. Allah Ya zaunar da Filato lafiya, amin.