Hannun Gem Iri Ɗaya Ga Kowa: Matsayarmu Kan Gasar Ƙarshen Zango



Tun ranar da Malam mai kula da wasanni ya amince a saka Tekken cikin wasannin ƙarshen zango, gardama ɗaya ce ta cika azuzuwa da gindin darbejiya: da wane hannun gem za a buga? Wasu sun ce kowa ya zo da nasa. Wasu sun ce makaranta ta samar. Har akwai wanda ya yi alkawarin cewa yayansa zai aiko masa daga birni da irin akwatin nan mai sanda da manyan madannai, wanda yawancinmu a bidiyo kawai muka taɓa gani. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun zauna sau biyu a kan batun, mun yi musu sosai, kuma ga inda muka tsaya: a buga gasar da hannu iri ɗaya, mai igiya, wanda aka gwada a gaban kowa. Kada a bar kowa ya hau kujera da nasa na musamman.

Wanda bai taɓa shiga shagon gem ba zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. Bari mu ba shi labari. A hutun da ya wuce, ranar kasuwa, biyu daga cikin 'yan ajinmu sun kara a wani shago a cikin gari, mutane sun kewaye su. Ɗaya ya zo da hannunsa a aljihu. Ɗayan ya ɗauki na shago. Sau uku a jere ana share masa ƙafa yana faɗuwa, yana rantsuwa cewa ya tare. Aka yi ta masa dariya, aka ce rago ba ya rasa uzuri. Sai bayan an watse mai shagon ya gwada hannun, ya ga kibiyar ƙasa ba ta kamawa sai an danna ta da ƙarfin tsiya. Yaron gaskiya ya faɗa. Amma sunan da aka laƙaba masa a ranar har yau bai fita ba, kuma su biyun ba su ƙara zama benci ɗaya ba. Idan haka ta faru a shago, ina ga a gaban dukan makaranta, ga malamai, ga kyauta a kan tebur?

Ga dalilin da ya sa hannu yake da wannan nauyi a wasan faɗa fiye da wasan ƙwallo. Waɗannan wasanni suna tafiya ne a kan hoto 60 cikin kowane sakan. Naushi mafi sauri a Tekken bai wuce hoto 10 ba kafin ya sauka, wato kashi ɗaya cikin shida na sakan. Madanni huɗu na dama kowanne gaɓa ɗaya yake wakilta: hannun hagu, hannun dama, ƙafar hagu, ƙafar dama. Kibiyoyi huɗu na hagu su ne tafiya da kariya. Idan za ka tare bugun ƙasa, sai ka danna kibiyar ƙasa da ta baya a lokaci guda, kuma dole ta ƙasan ta kama. A ƙarƙashin kowace kibiya akwai 'yar roba mai baƙin tabo, ita ce ke taɓa allon lantarki idan ka danna. Robar nan tana gajiya, tana tsagewa. Ƙurar hunturu da gumin hannu suna taruwa a kanta. A wasan ƙwallo, idan madanni ya yi jinkiri kaɗan, fasin ɗinka zai makara amma wasa bai ƙare ba. A Tekken jinkirin nan shi ne a ɗaga ka sama a yi ta dukanka har rabin jininka ya tafi. Hannu mai gajiyayyar roba da sabon hannu ba abu ɗaya ba ne, ko da a ido launinsu ɗaya.

To su wa ke da sabon hannu a makarantar nan? Mu faɗi gaskiya. Waɗanda ke da gem a gida ba su da yawa, kuma mun san su: wanda mahaifinsa ke aiki a birni, ko wanda yayansa ke da shago a Farm Centre ko Sabon Gari. Sauranmu a shago muka koya, da canjin da ya rage bayan an aike mu, ko kuɗin ƙwadagon noma da roron gyaɗa. Da damina kuwa da yawanmu ba ma ganin gem sai an gama noman biyu. Idan aka ce kowa ya zo da nasa, abin da aka ce a zahiri shi ne mutum biyar ko shida su zo da orijinal, saura su yi layi a kan hannun aro. Kafin a kunna janareta an riga an san waɗanda za su kai zagayen ƙarshe.

Masu ra'ayin kowa ya kawo nasa suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Sun ce a manyan gasanni na duniya haka ake yi. Gaskiya ne. A Evo, babbar gasar wasannin faɗa da ake yi a Las Vegas ta Amurka, kowane ɗan wasa da nasa yake zuwa. Amma mu dubi abin da ya faru a can da kyau, domin labarin bai goyi bayan masu ƙishin kayan tsada ba.

A shekarar 2014 wani ɗan Faransa da ake kira Luffy ya lashe gasar Street Fighter a Evo. Abokan karawarsa da yawa sun zo da akwatuna masu sanda. Shi kuwa da hannun PlayStation na farko ya zo, ɗan fari-fari ɗin nan wanda ko analog ba shi da shi, ƙirar shekarun 1990. Sai da ya haɗa shi da na'urar sauya mahaɗi kafin ya shiga Xbox 360 da ake gasar a kai. A 2017 kuma MenaRD, matashi ɗan shekara 18 daga Jamhuriyar Dominika, ya doke Tokido na Japan a wasan ƙarshe na Capcom Cup, ya tafi gida da dala 250,000. Da hannun gem na yau da kullum ya yi wannan aiki. A ɗaya ɓangaren ga Arslan Ash ɗan Lahore ta Pakistan, wanda ya ba duniya mamaki a 2019 da ya ci Tekken 7 a Evo ta Japan sannan ya sake ci a ta Amurka. Shi da sanda yake bugawa, saboda a shagunan gem na garinsu a kan sanda ya tashi. Abin da muka fahimta daga mutum ukun nan shi ne kowa da abin da yatsunsa suka saba da shi ya ci. Namu yatsun a kan hannun PS2 suka girma. Ɗan uwanmu mai jiran akwati daga birni, ko an kawo masa yau, zai yi makonni yana lalube kafin ya iya abin da yake yi da hannu ba tare da tunani ba. Akwati mai kyau kuma yana kai dala 200, wani ma ya wuce. A lissafa buhun gero nawa ke nan.

Sannan ko a can ba a sakar wa kowa mara ya zo da abin da ya ga dama ba. A 2019 kamfanin Capcom ya hana Daigo Umehara, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan Japan, amfani da wani akwati marar sanda da aka yi masa gyara na musamman, a gasar Combo Breaker. Idan an iya ce wa Daigo ya ajiye nasa, ba abin kunya ba ne a ce wa ɗan SS2 ya ajiye nasa. Bambancinmu da su shi ne a can kusan duk wanda ya biya kuɗin jirgi yana iya sayen hannu mai kyau, saboda haka dokarsu ta tsaya a kan hana maguɗi. Mu a nan sai mun fara da samar da hannun.

A cikinmu ma akwai wanda bai gamsu ba. Ya ce shi wata shida ya yi yana tara kuɗi ya sayi nasa, yatsunsa sun san shi, me ya sa za a hukunta shi don ya yi tanadi? Maganarsa ta taɓa mu, domin shi ba ɗan mai kuɗi ba ne, albasa ya yi ta ɗaurawa a mota da rani. Amsar da muka iya ba shi ita ce: idan hannun gasa da nasa ƙira ɗaya ne, ƙwarewarsa ba ta tafi ko'ina ba, abin da zai rasa kawai shi ne fifikon da lalacewar hannun abokin karawarsa za ta ba shi. Kuma mun ba da shawarar cewa duk mai hannu mai kyau da yake son a buga da shi, ya kawo, amma ya zama na kowa a ranar: a ajiye a tebur, a jefa ƙuri'a kafin kowane wasa. Bai ce ya yarda ba. Ya dai yi shiru.

Yanzu sai wane iri za a nema. Mai igiya muke so. Hannun PS2 marar igiya da ake sayarwa a kasuwa da batir yake aiki, kuma batir ba ya sallama kafin ya mutu. Ga shi idan biyu suna kusa da juna wani lokacin sai su rikice. Igiya kuwa kana ganinta. Idan ta karye daga wuya, da ka motsa ta za ka ga jar fitilar analog tana ƙiftawa. Kada kuma a karɓi hannun da ke da madannin turbo. Aikinsa shi ne ya riƙa maimaita dannawa da kansa, da sauri fiye da yatsan mutum, kuma manyan gasanni sun hana amfani da shi. Tsohon orijinal na Sony, irin wanda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam, ya fi sabon jabu mai ƙyalli a kwali. Za ka gane shi da nauyi, da yadda madanni ke dawowa da zarar ka ɗaga yatsa. Wanda za a aika saye kada ya yarda da “ai lafiyarsa ƙalau”. Ya sa a jona masa a shagon, ya shiga wurin atisaye na wasan, ya kunna inda ake nuna duk abin da aka danna a jikin allo, ya bi kibiyoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi kusurwoyi huɗu, musamman ƙasa-da-baya ta kowane ɓangare. Minti biyar sun isa. A sayi huɗu idan kuɗin ƙungiya ya kai: biyu na wasa, biyu na ko-ta-kwana.

Irin wannan gwajin muke so a maimaita ranar gasa, a gaban 'yan wasan biyu, kafin kowace karawa. Wanda ya ce ya gamsu, bakinsa ya rufu. Bayan wasan farko a yi musayar kujera da hannu, saboda wasu sun fi iya bugu daga hagu. Wanda ya danna Start ana tsakiyar faɗa ya rasa wannan zagayen, kamar yadda ake yi a Evo. Idan janareta ya ɗauke, a sake daga farko, kuma wannan ba laifin kowa ba ne.

Malamanmu, muna da magana da ku ma. Mun san wasunku ba su so a kawo gem cikin makaranta ba, kuma mun san dalili: an ga yaran da shagon gem ya cinye musu kuɗin tara da lokacin Islamiyya, an ga inda ake saka kuɗi a kan wasa ya koma caca. Ba mu musa ba. Shi ya sa muka goyi bayan Tekken 5 maimakon Mortal Kombat da wasu suka nema. Shi Mortal Kombat jininsa da yanke-yankensa ne suka kai shi gaban majalisar dattawan Amurka a 1993, har aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace da kowane wasa a 1994. Amma ku lura, dokar hannu iri ɗaya tana taimaka wa damuwarku. Idan aka ce kowa ya zo da nasa, gobe yara za su fara matsa wa iyaye, wani ya taɓa kuɗin littafi, wani ya ci bashi, duk don wasan yini ɗaya. Idan hannun na makaranta ne, yana kulle a ofis, babu wanda zai sayi komai.

Akwai kuma 'yan uwanmu mata. Ba sa shiga shagon gem, kuma ba mai cewa su shiga. Wasu daga cikinsu sun nuna sha'awar gasar, amma ba su taɓa riƙe hannun ba sai dai wasan waya. Idan hannuwan gasa suna makaranta, ana iya ware musu lokacin atisaye nasu a ƙarƙashin kulawar Malama, a kan ainihin abin da za su buga da shi. Dokar kowa ya zo da nasa ta fitar da su tun kafin a rubuta sunaye.

Kwamitin wasanni zai zauna ranar Alhamis bayan an tashi, kuma a nan za a yanke hukunci. Muna roƙon Malam ya karanta wannan kafin zaman. Duk mai hannun PS2 da ya yarda a saka shi a tebur, ya kawo wa sakataren ƙungiya kafin ranar Laraba domin a gwada. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure, ya rubuto. Mun bar masa rabin allon nan a mako mai zuwa.